Ciwon da ke korar masu jinya daga aiki

A manyan gidajen likita, kamar na Yamai da Damagaram, akwai ɗaki na musamman. Nan ake kwantar da wanda ciwo ya kai gargara. Ba a barin shi shi kaɗai. Dare da rana akwai anfirmiye, wato mai jinya, a kansa. Shi ke duba numfashi, ya sa ƙarin ruwa ko ƙarin jini, ya kira lokotoro in abu ya ɓaci.

Aikin nan ba na kowa ba ne. Bayan an gama lakwal ɗin kiwon lafiya, sai an daɗe cikin ɗakin kafin hannu ya faɗa. Amma a ƙasashe da yawa, waɗanda suka ƙware suna neman a canja musu wuri, wasu ma su bar aikin ɗungum. Mi ya kawo haka?

Ba gajiya kaɗai ba ce

Gajiya dai akwai ta, ƙarancin albashi ma haka. Amma akwai wani ciwon da ba a gani. A 1984 wani malami ɗan Amurka, Andrew Jameton, ya bayyana shi cikin littafinsa. Shi ne mutum ya san abin da ya dace ya yi wa mara lafiya, amma halin wurin aiki ya ɗaure masa hannu. Mu kira shi ƙuncin zuciya.

Ga misali. Yara biyu numfashinsu na sarƙewa, injin iska kuwa ɗaya ne. Mai jinya ya sa wa ɗaya, yana kallon ɗayan. Ko kuma yaro na bukatar jini, babu jini a ajiye, dangi kuma sun ƙi bayarwa. In yaron ya cika, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma mai jinya zai koma gida ya kasa barci, yana tambayar kansa: da an samu jinin nan fa?

Manomi ya san irin wannan. Kamar mai gida ne da rumbunsa ya ƙare tsakiyar damina, yara na kallonsa. Ya san maganin kukansu, ba ya da shi.

Abin da ya faru a Magariya

A damanar 2018, zazzaɓin sauro da tamowa sun haɗu a Magariya, cikin jahar Damagaram. Ƙungiyar likitoci ta MSF, mai aiki tare da ma'aikatan gwamnati a can, ta ba da sanarwa cikin watan Satumba cewa kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana. Yara sun fi gadaje yawa. Da yawa an kawo su a makare. Masu jinya sun ceci yara masu ɗimbin yawa, amma waɗanda suka kuɓuce musu su ne ke tsayawa a rai.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2020, lokacin annobar korona, ko a Italiya injunan numfashi sun kasa, sai da aka riƙa zaɓen wanda za a sa wa. A shekarar nan ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce duniya na da giɓin masu jinya kusan miliyan 6.

Binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ya nuna cewa wanda ƙuncin nan ya fi damu, shi ya fi tunanin barin aiki. In ɗaya ya tafi, kayansa ya koma kan sauran. Su ma nauyi ya ƙaru, wani ya sake tafiya. Hasarar kuwa ta mara lafiya ce.

Ina mafita?

Shugabannin likita na da nasu aiki. Su ƙara ma'aikata da kayan aiki. Su tsara ƙa'idar wanda za a fara ba inji, don kada nauyin ya hau kan mutum ɗaya. Lokotoro ya ji shawarar mai jinya, tunda shi ke kwana da mara lafiya. In an yi rashi mai zafi, a zauna tare a tattauna, kada kowa ya haɗiye nasa.

Mutanen karkara su ma suna da nasu. Yaro in ya yi zazzaɓi, a kai shi likita ran nan, kada a jira sai ya fara taune-taune. A karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina. In an nemi jini, mai lafiya ya miƙa hannu, jiki na maida abin da aka ɗiba. In ƙaddara ta auku, a bar zagi. Wanda ke tsaye bakin gadon nan, shi ma zuciyarsa na ciwo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu.