Idan Baƙo Ya Kawo Ƙorafi: Jan Hankali Ga Masu Gidajen Hayar 'Yan Kwanaki

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta bunƙasa a Abuja da Legas, ta kuma fara kafuwa a Kano da Kaduna. Mutum zai gyara gida ko sashen gida, ya zuba gado da kujeru da firji da tukunyar gas, ya riƙa ba da shi haya na kwana biyu, ko mako, ko wata guda. A gari shotlet ake ce masa. Masu zuwa biki da danginsu, 'yan kasuwa, ma'aikatan da aka turo taro, masu jinya da ke jiran ranar ganin likita, da waɗanda suka dawo hutu daga ƙasashen waje, da yawansu sun fi son irin wannan masauki a kan otal, saboda ga kicin, ga falo, ga sirri, kuma iyali za su zauna wuri ɗaya. Wasu masu gidajen suna samun baƙi ta manhajar Airbnb, wadda aka kafa a birnin San Francisco na Amurka a 2008, wasu ta Booking.com, da yawa kuma ta Instagram da WhatsApp da bakin dillalai.

Sayen labule mai tsada da ɗaukar hoto mai ɗaukar ido, wannan duk mai kuɗi ya iya. Inda ake gane wanda ya san sana'ar shi ne ranar da baƙo ya buga waya yana faɗa. A nan da yawa daga cikinmu suke faɗuwa, domin mai gida yakan ji ƙorafi kamar zagi. Zuciya ta riƙa raya masa: gidan da na kashe wa miliyoyi, shi ne wani zai zo da kuɗin kwana uku ya kushe? To ai kuɗin kwana ukun nan su ne cinikin. Wannan baƙon bai zo cin arziƙi ba, biya ya yi, kuma wanda ya biya yana da bakin magana.

Saukar da baƙo don kuɗi ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. A zangon Sabo na Ibadan da sauran zanguna, masu gida sun daɗe suna saukar da fataken shanu da na goro, su ba su makwanci da abinci, su adana musu kuɗi, su tsaya musu a wurin ciniki. Jarin irin wannan maigidan sunansa ne. Falke ɗaya ya koma Arewa da mugun labari, sai ayari guda ya sauya masauki. Bambancin kawai, labarin da a da yake ɗaukar watanni kafin ya zaga, yau kafin baƙo ya kai tasha ya shiga wayoyin mutane.

A ɗauki misali. Watan Afrilu ne a Kano, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, dare ma iska ba ta motsi. Wata baiwar Allah ta sauka da 'ya'yanta don bikin ƙanwarta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wuta ta ɗauke, inbata ta karɓa, fitilu suka kama, amma na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya cik, domin batiran ba za su iya ɗaukarta ba. Jariri ya fara tsala kuka. Ta turo saƙo: "Malam, ka ce wuta ba ta yankewa a gidan nan. Ga mu cikin gumi, yara sun kasa barci."

Wani mai gidan zai ga saƙon ya kife wayar, ya ce gobe ma rana ce. Wani zai amsa da cewa ai matsalar ta gari ce gaba ɗaya, ba laifinsa ba ne. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar da ba ta kunna fanka. Wanda ya san abin da yake yi kira zai yi nan take: "Hajiya, ki yi haƙuri, na ga saƙonki. Yanzu maigadi zai tayar da janareto, nan da minti goma sha biyar sanyi zai dawo insha Allahu. Idan ya ƙi tashi, zan kawo fanka mai caji da kaina." Bayan minti ashirin kuma ya sake kira ya ji ko an dace. Wannan kira na biyun shi mutane suka fi mantawa, alhali shi yake nuna wa baƙo cewa ba sallamarsa aka yi da daɗin baki ba. A lura kuma, lokaci ya yanka mata. "Yanzu-yanzu" da "ana kan hanya" sun daɗe da rasa daraja a kunnen ɗan Najeriya.

Sai dai idan aka bi diddigi, ƙorafin Hajiya ba da daren nan aka haife shi ba. Tun ranar da aka rubuta talla aka ce wuta awa 24 aka shuka shi. Kowa ya san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto dare da rana ya zama abin da ke cinye riba. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin wuta ga masu amfani da ita na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, kuma ko wannan rukunin alƙawarin awa 20 aka yi masa a rana, ba 24 ba. Ga babban layin wuta na ƙasa da ya sha durƙushewa a shekarar. Saboda haka babu abin kunya mai gida ya rubuta ƙarara cewa janareto yana aiki daga ƙarfe bakwai na yamma zuwa shida na safe, da rana kuma sola ce, tana ɗaukar fanka da firji da talabijin amma ban da na'urar sanyi. Wanda bai yarda ba ya nemi wani wurin tun bai biya ba. Haka batun ruwa, da ƙarfin intanet, da hanyar unguwa idan damina ta sauka, da maƙwabcin da janaretonsa ke ruri a bayan taga. Abin da aka faɗa wa mutum tun farko sharaɗi ne. Wanda ya tarar da kansa kuwa, yaudara zai kira shi.

Akwai ƙorafin da ba a jayayya a kansa ko kaɗan, wato na tsabta. Gashi a magudanar banɗaki, tabo a zanin gado, tawul mai warin danshi, kyankyaso a durowar kicin. A turo mai shara da sabon zanin gado cikin awa guda, a ba da haƙuri, magana ta ƙare. Idan kuwa kuɗin cizo ne, babu zancen feshi baƙo yana ciki. A sauya masa gida ko a mayar masa da kuɗinsa, a rufe ɗakin sai an yi maganinsu.

Wani abu da masu gida ke sakaci da shi shi ne yadda ake shiga yin gyaran. Gidan naka ne, amma muddin kwanakin baƙo ba su ƙare ba, ɗakinsa ne. Kada a tura mai gyaran famfo ya buɗe ƙofa da makullin ajiya, balle inda akwai mata. A sanar, a tsayar da lokaci, a yi sallama a jira izini. Batun kyamara ma haka: Airbnb ta haramta sanya kyamarar tsaro a cikin gida baki ɗaya daga 30 ga Afrilun 2024. Ko ba a manhajar kake ba, kyamara a falo ko ɗakin kwana cin amana ne. Ta bakin ƙofa kuwa a gaya wa baƙo tana nan.

Sai maganar kuɗi, inda zumunci ya fi ɓaci. A ganina bai kamata mai gida ya jira sai an roƙe shi ba. Idan baƙo ya kwana babu ruwa, ka cire masa wani abu daga kuɗin wannan daren, ka faɗa da bakinka kafin ya tambaya. Ragin da aka yi da daɗin rai ya fi cikakken kuɗin da aka mayar bayan an yi baram-baram. Kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna kuwa amana ne a hannunka. Da yawan rigingimun da ake gani a kafafen sada zumunta a kansu ne: baƙo ya tafi, mako biyu shiru, sannan a ce masa ya fasa kofi ko ya ɓata kujera, ba hoto ba shaida. A zagaya gida tare da baƙo ranar shiga, a ɗauki bidiyo, a maimaita ranar fita, a kuma rubuta ranar da za a mayar da kuɗin. Masu amfani da Airbnb su sani cewa baƙo yana da awa 72 daga lokacin da ya gano matsala ya kai ƙara ga kamfanin, wanda zai iya mayar masa da kuɗi daga abin da za a biya mai gida. Shi ma mai gida kwana 14 gare shi bayan fitar baƙo ya nemi diyyar ɓarna. Wanda aka yi ciniki da shi ta WhatsApp ma ba a rasa masa wurin kai kuka ba, tunda akwai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, da ke karɓar irin waɗannan koke-koke.

Ba kuma kowane mai ƙorafi ne mai gaskiya ba, wannan sananne ne. Akwai wanda zai cinye kwanakinsa tsaf bai ce uffan ba, ranar tafiya ya zo da jerin laifuffuka yana neman rabin kuɗi. Akwai wanda ya ce mutum biyu ne, dare ya yi gida ya cika da kiɗa, maƙwabta suna buga maka waya. Akwai mai barazanar zai ɓata ka a intanet in ba ka biya shi ba. Maganinsu ɗaya ne: rubutu. Duk abin da aka yi magana a waya, a bi shi da gajeren saƙo, "kamar yadda muka yi magana ɗazu, an gyara famfon da ƙarfe huɗu." Dokokin gida, da adadin mutanen da aka amince su kwana, da hana casu, a tura su kafin a karɓi kuɗi. Airbnb kanta ta mayar da haramcin casu na dindindin a 2022, kuma ƙa'idarta ta hana amfani da sharhin da baƙi ke rubutawa kan gida wajen tatsar kuɗi, amma sai da shaida a rubuce za ta saurare ka. Ka ƙi biyan abin da ba haƙƙi ba, cikin ladabi, ba tare da ɗaga murya ba.

Idan mugun sharhi ya riga ya fito, kada a amsa cikin fushi. Amsar ba don wanda ya tafi ake rubuta ta ba, don mai zuwa ne, wanda zai karanta ya auna irin mutumin da zai sauka a hannunsa. Layi biyu sun isa: an gode, abin da ya faru ke nan, ga gyaran da aka yi. A Airbnb sai mai gida ya riƙe maki 4.8 cikin 5, yana kuma amsa aƙalla kashi 90 cikin 100 na saƙonni cikin awa 24, kafin a ba shi lambar Superhost, don haka sharhi ƙalilan marasa kyau sun isa su sauko da shi.

Mai gidan da ke zaune a wani gari ko wata ƙasa, shi ya fi kowa buƙatar jin wannan. Maigadi da mai shara su ne fuskarka a wurin baƙo. Idan sai an kira ka kafin a sayi kwan fitila ko litar mai biyar, to baƙonka zai kwana cikin duhu kana barci a Dubai. Ka ware musu ɗan kuɗin ko-ta-kwana, ka ba su ikon kashewa, ka haɗa su da mai gyaran famfo da na lantarki da za su fito ko da dare ne.

Kira gare ku masu wannan sana'a: kafin baƙo na gaba ya iso, ku sake karanta tallarku ku goge duk abin da ba za ku iya cikawa ba, ku manna lambar wayar da ake ɗauka da tsakar dare a bayan ƙofa, sannan ku kwana ɗaya a gidan da kanku, ku buɗe kowane famfo, ku kunna kowace na'ura.