Jita a Hannun Matashin Ƙasar Gumel: Yadda Kayan Kiɗa Ke Sauya Ƙirar Waƙa

Gabatarwa

Manazarta waƙar baka sun saba kallon makaɗi a cikin ƙungiya: akwai jagora, da 'yan amshi, da masu kiɗa, da ubangidan da ake yi wa waƙa. A kan wannan tsari M. G. Smith ya yi bayanin roƙo a 1957, kuma shi ne ginshiƙin littafin Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Wannan maƙala ta dubi wanda ba ya cikin tsarin, wato matashin da ya ɗauki jita don sha'awa, bai gaji kiɗa ba, ba ya kuma neman abinci da shi. An ɗauki ƙasar Gumel, mai ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a matsayin fagen nazari. Manufa ita ce a nuna cewa rashin 'yan amshi da ubangida na tilasta wa matashin sake ƙirar waƙar kanta.

Hanyoyin da Jita Ta Biyo

Kiɗan tsirkiya ba baƙo ba ne a Jigawa. Haruna Uji na Haɗeja ya shahara da gurmi, kamar yadda Ɗanmaraya Jos ya shahara da kuntigi. Jita kuwa ta hanyoyi biyu ta kai ga kunnen Bahaushe. Ta farko ita ce ta ƙungiyoyin kiɗan birni, irin ta Bala Miller a Kaduna. Wannan hanya ta dusashe lokacin da fiyano samfurin Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙoƙin finafinai a Kano, domin mutum ɗaya kan fitar da sautin ƙungiya guda da shi.

Ta biyu ita ce ta arewa, kuma ita ta fi shafar Gumel. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana haɗa fatake daga Damagaram da sauran sassan Nijar, kuma waƙoƙin Abzinawa masu jita kan bi su a cikin wayoyin hannu. Cuɗanyar ba ta fuska ɗaya ba ce. Mdou Moctar, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa.

Hannu da Tsirkiya

Kuntigi da garaya da molo suna da tsirkiya ɗaya zuwa uku, jita kuwa shida gare ta. A salon Turawa ana danne tsirkiyoyi da dama a kaɗa su tare, murya ta hau kansu. Matashin da kunnensa ya tashi da gurmi yakan fi karkata ga tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, yana maimaita gajeren rauji mai sautuka biyar, yayin da wata tsirkiyar ke riƙe da amo guda a ƙasa. Haka ma Abzinawa ke yi, shi ya sa kiɗansu bai yi masa nisa ba.

Akwai dalili na harshe a nan. Hausa tana bambanta ma'ana da karin sauti: kalmar wuya ta jikin mutum tana farawa sama ta sauka, wuya ta wahala kuwa tana farawa ƙasa ta hau. Haka kuma gaɓa mai nauyi ta fi marar nauyi ɗaukar lokaci. Idan mai waƙa ya ari raujin waje ya cusa masa kalmomi, sai lafazi ya karkace, mai sauraro ya ji kamar baƙo ne ke magana. Saboda haka wanda ya fara da kalma, sannan ya nemo mata gurbi a kan tsirkiya, shi ya fi samun waƙa mai zama a kunne.

Jita a Gurbin 'Yan Amshi

A waƙar ƙungiya, jagora kan yi ɗan waƙa, 'yan amshi su maido da gindi, shi kuma ya numfasa ya shirya na gaba. Matashi mai jita shi kaɗai ne a ɗakinsa. Raujin da yake maimaitawa tsakanin ɗiya shi ke yin aikin amshi. Wannan yakan gajarta ɗiyan waƙa, ya kuma sa a tsara su tun kafin a rera, a littafi ko a waya, har waƙar ta tsaya tsakanin ta baka da rubutacciya.

Jigo ma yakan sauya. Inda babu ubangida, babu dalilin yabo da kirari da zambo. Abin da ya rage shi ne bege, da kewar wanda ya tafi cirani, da zaman jiran aiki. Sai dai al'umma ba ta cika bambanta mai sha'awa da maroƙi ba, don haka matashin da gidansu na malanta ne ko na sarauta yakan ɓoye jitarsa, waƙarsa ta tsaya tsakanin abokai.

Kammalawa

Rabe-raben makaɗa da muka gada, na fada da na jama'a da na sana'a, duk sun ginu a kan wanda ake yi wa waƙa. Matashi mai jita kansa yake yi wa, kuma ayyukansa a katin waya suke, inda lalacewar waya ɗaya kan tafi da su. Ya kamata sassan Hausa, musamman na Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke kusa, su fara tattara su da izinin masu su, a kuma samar musu da gurbi a cikin rabe-raben.