Koyon tace bidiyo a Bauchi: a fara da yanka

A duk hawan Sallah, idan dawakai suka fito daga fadar Sarkin Bauchi, wayoyin da ke sama sun fi a ƙirga. Kafin magariba bidiyoyin sun cika TikTok da Facebook, amma kaɗan ne mutum yake iya kallo har ƙarshe. Akasarinsu an ɗauke su da kyau, a wajen tacewa ne aka ɓata su: minti biyar na ƙura da ƙeyar mutane, ga waƙa mai ƙara ta danne algaita da tambari, ga rubutu yana juyawa a tsakiyar allo.

Matashin da ya sauke CapCut ko KineMaster a wayarsa yakan ruga wajen kwalliya, domin ita manhajar ke fara nuna masa. Ni a ganina ya bar ta zuwa wata na biyu. Aikin edita na farko shi ne zaɓe da yanka. Ka kalli duk abin da aka ɗauko, ka ware abin da ke ba da labari, ka jera shi a layin aiki, sauran ka zubar ko da ka sha wahala wajen ɗaukarsa. Wannan zubarwar ce ta fi yi wa ɗan koyo ciwo, musamman a bidiyon biki, inda kowace gwaggo ke son ta ga fuskarta.

Tsofaffin hannu sun san haka dole. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, zamanin kaset ɗin bidiyo ne, ana kwafa daga wannan na'ura zuwa waccan bi da bi. Wanda ya yi kuskure a tsakiya sai ya sake daga wurin, don haka kafin ya taɓa maɓalli ya riga ya yanke shawara. Yau kana iya warware kuskure da taɓa allo, kuma wannan sauƙin ne ke sa mutum ya daina tunani kafin ya yanka.

Sai sauti. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana zai wuce. Idan ka ɗauki hira da mai sayar da atamfa a Kasuwar Wunti, ƙarar Keke Napep da janareta za su shiga. Ƙaramar makirfo ta maƙalawa a wuyan riga ta fi duk wani gyara na baya. A wajen tacewa kuwa, ka sa kunnuwan sauraro, ka rage kiɗa ya koma ƙasan murya, kada ka yanke mutum a tsakiyar numfashi.

Akwai ƙananan abubuwa da za a sani tun ranar farko. Bidiyon TikTok a tsaye yake, 9:16, na YouTube da talabijin a kwance, 16:9, kuma ana yanke wannan shawara kafin a ɗauka. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Wanda ya samu kwamfuta mai ƙarfi ya gwada DaVinci Resolve, yana da na kyauta, ya kuma riƙa adana aikinsa akai-akai saboda wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke. Mai son zurfafawa, Jos ba ta da nisa, can ne Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a koyarwa a darussan intanet. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov ya haɗa fuskar ɗan wasa guda da kwanon miya, sannan da gawa a makara, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce ba ta sauya ba. Ma'ana tana fitowa daga abin da ka jera kusa da juna. Mu nan mun ga illar haka: a yanko sakan talatin daga wa'azin awa guda, a cire sharaɗin da malam ya gindaya, a saki, kafin gari ya waye an fara zage-zage. Haka ake yi wa 'yan siyasa lokacin zaɓe, haka ake yi wa amarya da ta yi rawa cikin ƙawayenta ba ta san za a watsa ta ba.

Don haka ɗalibin da ke Gwallameji ko Yelwa, mai neman kuɗin sabulu da wannan sana'a, ya ɗauki hirar minti uku da mahaifiyarsa ko maigidansa, ya rage ta zuwa minti ɗaya ba tare da kiɗa ko kwalliya ba, sannan ya nuna wa mai maganar. Idan ya ce "haka na faɗa", to a kai ga darasi na gaba.