Daga jirgin ruwa zuwa turmin Mashi: Abin da ya sa waƙar aiki ta ƙi mutuwa

A farkon shekarar 2021, wani matashi mai rarraba wasiƙu a Scotland, Nathan Evans, ya yi tashe a TikTok da wata tsohuwar waƙar matuƙan jirgin ruwa mai suna Wellerman. Kafin watan Maris ya ƙare, waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya.

Irin waɗannan waƙoƙi sun bunƙasa ne a ƙarni na 19, zamanin da iska ke tura jiragen fatake. Jan igiya da ɗaga ƙarfen da ke tsayar da jirgi aiki ne na taron dangi. Mutum ɗaya ke bayar da waƙa, saura su amsa, a kan amshin kuma kowa ke ja lokaci guda. Da jiragen inji suka zo, aikin ya kau, waƙar ta koma ta nishaɗi.

Mashi, da ke arewacin Jihar Katsina kusa da iyakar Nijar, ba ta da teku, amma wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinta. Kamar sauran ƙasar Hausa, idan mata biyu ko uku suka haɗu a turmi ɗaya suna lugude, waƙa ce ke hana taɓare karo. Mai niƙa a kan dutse tana da tata. Masu daɓen ɗakin amarya suna buga madaɓi bisa amshi. A gona kuwa, ranar gayya, makaɗin gangar noma ke bin bayan samari yana zuga su da kirari, wanda ya yi sanyi a kunya ya sha zambo.

Amfanin waƙar bai tsaya ga rage gajiya ba. Matar da al'ada ta hana ta ɗaga murya gaban miji ko uwar miji takan zuba kukanta a bakin turmi cikin habaici, kowa ya ji, babu mai iya kama ta da laifi. Gayya kuma inshorar talaka ce: wanda ciwo ko tsufa ya kayar, gari ya nome masa.

Abin da injin tururi ya yi wa matuƙa, shi injin niƙa ya yi wa dutse, siminti ya yi wa daɓe, maganin feshi da ƙwadago suka yi wa gayya. Sauƙi ne da babu mai ƙin sa, musamman matan da suka huta. Sai dai akwai bambanci. Turawa sun rubuta nasu waƙoƙin, sun naɗe muryoyin tsofaffin matuƙa kafin su ƙare, shi ya sa jikokinsu suka sami abin farfaɗowa. Na ƙasar Hausa, ban da abin da manazarta a jami'o'i suka tattara, yawancinsu suna bakin tsofaffi ne kawai.

Ƙishirwar ba ta gushe ba. Har yau ana juya kiɗan ƙwaryar marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, a gidajen biki, saboda amshin da ke ba kowace mace gurbi.

A zamanin da waƙar da ta fi kawo kuɗi ita ce ta yabon ɗan takara, waƙar aiki na cikin 'yan tsirarun da talaka ya yi wa kansa, ba don a biya shi ba. Wayar da ke hannun matashin Mashi ta isa ta naɗe ta, muddin kakar da ta iya tana raye.