Marayun soja da gonar kakansu

A ƙauyukan Mayahi da Tasawa, abin da ake tayar da jijiyar wuya a kansa bayan rasuwa bai cika wuce gona ba. Ƙidayar 2012 ta nuna kowace daga cikin gundumomin biyu tana da mutum fiye da dubu 500, ga haihuwa, ga shi kuma dajin da za a sare ya ƙare tun tuni. Daga bakin Gulbin Kaba zuwa jigawar Urafan da wuya ka taka saurar da ba ta da mai ita. A irin wannan ƙunci ne wata tsohuwar mas'alar fiƙihu ta zama matsalar iyalan sojoji.

Ranar 10 ga Disamba 2019 sojoji 71 suka kwanta dama a Inates, wata ɗaya bayan nan aka rasa 89 a Shinagodar, kuma ba a daina kawo gawa ba har yau. Soja yakan mutu da ƙuruciyarsa, ya bar uwa da uba da rai, ya bar mata da ƙananan yara. Wato ɗa ya riga ubansa, abin da tsarin gandu bai shirya masa ba.

Mu ɗauki lissafin yadda malaman Risala suke yin sa. An yi jana'iza, an biya bashi, an fitar da wasiyya in akwai, sai a kasa abin da ya rage kashi 24. In mamacin ya bar ɗa namiji, uba ya ɗauki sudusi, wato 4, uwa ma 4. Mata tana da tumuni, 3, ko ita kaɗai ce ko su huɗu ne. Sauran 13 na yara, namiji rabon mata biyu. Har nan babu zalunci. Amma a ce tsohon, uban sojan, yana da hekta shida a Kanembakashe, ya kuma rasu bayan shekara biyar ya bar 'ya'ya maza biyu da rai. A mazhabar Malikiyya jikokin nan ba su da ko kunya ɗaya, domin baffanninsu sun katange su. Har sudusin da kakan ya karɓa daga dukiyar ubansu, in da saura, baffannin ne za su raba da sauran magada. Dukiyar sojan ta hau zuwa ga ubansa, ta uban ba ta sauko wa 'ya'yan sojan ba.

Da, gandu yana rufe wannan giɓi. Maraya ya tashi a gidan baffa, ya yi noma tare da kowa, in ya isa aure a yanka masa gamana, ba mai tambayar ta wa ce. Yanzu gandun ya watse, gona ta shiga kasuwa, ana sayarwa ana jingina. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka fitar a 2006 kan kudancin Nijar ya nuna yadda matsin ƙasa ke fitar da mata daga noma, ana karɓe gamanar da aka saba ba su. Abin da ya sami mata shi ke samun maraya. Baffa zai ce «ai ɗanmu ne, ya noma», kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara: ran da baffan ya mutu, 'ya'yansa ba su san da wannan magana ba.

Wasu ƙasashe sun toshe ƙofar da doka. Masar ta kafa wasiyyar dole a 1946, inda jikan da ubansa ya riga kaka mutuwa yake samun rabon uban muddin bai wuce sulusi ba. Pakistan ta ba jikan matsayin ubansa kai tsaye a 1961. Nijar ba ta da irin wannan, domin dokar iyali da aka yi ta kai-kawo a kanta ba ta taɓa fitowa ba. Dokar tsarin shari'a ta 2004, da ta 2018 da ta gaje ta, sun bar gado da kyauta da wasiyya a hannun al'adar masu ƙara. Alƙali a Tasawa ko Mayahi yana zama da masu ba shi shawara kan al'ada, galibinsu malamai, kuma rikicin gona sai ya bi ta wurin mai gari da sarki don sulhu kafin ya iso gabansa. A wannan yanki al'adar da ake nufi, yawanci, fiƙihun Malikiyya ce.

To fiƙihun nan da ya katange jika shi ne kuma ya buɗe masa hanya, sai dai makullin yana hannun kaka, kuma sai yana da rai. Ba a yi wa magaji wasiyya, amma jikan da aka katange ba magaji ba ne, don haka kakan yana iya yi masa wasiyya har sulusin dukiya, hekta biyu ke nan cikin shidan can, ba tare da neman yardar kowa ba. Malaman Magrib suna da tanzili, inda kaka zai ce ya ɗora jikokinsa a gurbin ubansu, a zartar da shi a matsayin wasiyya. Akwai kuma kyauta, wadda ni na fi natsuwa da ita, da sharaɗin a damƙa gonar tun mai ita yana da lafiya. Kyautar da ta tsaya a baki har ciwon ajali ya zo, Malikiyya ba ta ɗaukarta cikakkiya.

Wurin rubutawa ma yana nan kusa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ce ta haifar da hukumomin filaye da ake kira Kofo, daga gunduma har ƙauye, kuma a ƙauye mai gari ne shugaba. Suna ba da takardar shaidar kyauta, da ta saye, da ta aro, da ta jingina. Ba sai an je Yamai neman lauya ba. Abin da ke hana tsofaffi shi ne jin nauyi: rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne, yanka wa jika gona kuma kamar cewa ne ba ka yarda da 'ya'yanka ba. Na fahimci wannan, amma ban ga ya kai a bar yaro ba gona ba.

Shi ma sojan da nasa aikin kafin a tura shi fagen daga. Fansho da kuɗin rasuwa da takarda ake karɓarsu: ta aure, ta haihuwar kowane yaro, ta mutuwa, da ta taron dangi da ke nuna wanda zai riƙe marayu. Auren da aka ɗaura a zaure ba a kai shi ofishin magajin gari ba, matar sai ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ta shiga neman shaidu don kotu ta tabbatar da shi. Sojan kuwa, a matsayinsa na uba, yana da ikon naɗa wasiyyin da zai kula da dukiyar 'ya'yansa, ko da uwarsu ce, a gaban shaidu biyu adilai. In bai naɗa ba, taron dangi ne zai zaɓa, sau da yawa matar tana cikin ɗaki.