Land Cruiser ko Range Rover: wace jif ce za ta jure damina da hunturu?

Duk mai halin da ya tashi saya wa iyalinsa babbar jif a Kano ko Abuja, in ya gama zagaya dillalai, yawanci kan motoci biyu magana ke tsayawa: Toyota Land Cruiser, ko 'yar uwarta Lexus LX, sai kuma Range Rover. Dukansu tsofaffin hannu ne. Land Cruiser ta samo asali a Japan tun 1951, Range Rover ta fito a Ingila a 1970, sababbin zubinsu kuma duk a 2021 aka ƙaddamar da su. Kowacce tallarta na cewa babu yanayin da zai tsayar da ita. Amma Bature in ya ce yanayi, ƙanƙara da santsin titi ne a ransa. Namu daban ne: ruwan Agusta mai cinye kwalta, ƙurar hunturu mai shiga kowace kafa, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri.

In a takarda ne, damina ta Range Rover ce. Kamfaninta ya ce tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 90, Land Cruiser 300 kuwa 70. Sirrin Range Rover yana ƙafafunta. Ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan iska ne. Direba ya danna maɓalli ta miƙe, ya sake dannawa ta durƙusa. Wanda ya taɓa ganin hajiya mai ciwon gwiwa tana fama da matakin Land Cruiser, hannu ɗaya a ƙofa ɗaya a kafaɗar jika, ya san durƙuson nan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai kada alƙaluman su ruɗi kowa, ruwa tsayayye ake nufi. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya ɗauke jif ko ta wane kamfani ce. In kogi ya kawo ya shanye gada, dukansu layi za su bi su jira tare da mai Golf.

Wajen daɗin zama ma ban ga abin musu ba. Range Rover ba ta da ƙara a ciki, tana haɗiye gargada, tayoyinta na baya kuma suna karkatawa kaɗan, shi ya sa duk girmanta take juyawa a lungu. Land Cruiser bodi ce aka ɗora kan shasi irin na babbar mota, kuma fasinjan baya yana jin haka a ƙugunsa. Kujerunta na can ƙarshe na yara ne. Babba in ya zauna daga Kaduna zuwa Katsina, sai ya sauka yana ɗingishi.

Amma mota ba ranar da aka saye ta ake sanin halinta ba, sai ta sha hunturu uku. Jakunkunan iskar nan na Range Rover roba ne. Zafi yana busar da roba, ƙura tana goge ta, wata rana ƙaramar huda ta ɓullo, kwamfireso ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Sai a wayi gari mota ta kwanta a kan tayoyinta, allon gaba yana ta kashedi. In a Maitama abin ya faru, waya ɗaya ce. In kuwa a hanyar Gembu ne, bayan an baro Serti an fara hawan tsaunin Mambila cikin hazo, ga yara a baya ga magariba ta kawo kai, to ranar mai gida zai san abin da ya saya. Bakaniken gefen hanya zai leƙa ƙarƙashi, ya share hannu a tsumma, ya ce, "Alhaji, wannan sai an sa mata kwamfuta." Kayanta kuma sai Legas ko Abuja, wani lokaci sai an yi oda daga waje. Land Cruiser kuwa sifirin ɗinta da shokazoba duk bakanike ya san su, kayan Toyota kuma sun cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Ba don ado hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya suka riƙe ta ba a wuraren da babu titi.

Kada dai masoyan Land Cruiser su cika baki. Sabuwar ba tsohuwar V8 ba ce da kanikawa ke gane ciwonta da kunne. Toyota ta sauya mata injin V6 mai turbo biyu da giya goma, ta cika ta da na'urori, kuma a 2024 sai da kamfanin ya janye wasu Lexus LX 600 masu irin injin nan a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari cikin injin. Duk da haka, in mota ɗaya ce a gidan, ita za ta kai yara makaranta ita za ta je ƙauye da Sallah, ni Land Cruiser zan nuna. Range Rover ta mai gareji ce cike da motoci, wanda in ɗaya ta kwanta zai ɗauki makullin wata.

Akwai abin da masu saye ba sa dubawa, alhali ya fi fatar kujera muhimmanci: taya. Range Rover tana zuwa da rim har inci 23, robar da ke kansa siririya, rami ɗaya da ruwa ya ɓoye ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim. Land Cruiser ana samunta da inci 18, roba mai kauri, wadda za a iya rage wa iska a bi yashin Yusufari. Sannan a tambayi dillali ƙasar da aka yi wa motar. Mai dizal da aka ƙera don Turai tana da matatar hayaƙi da ke toshewa in man bai da tsabta, wanda kuwa ke doguwar tafiya a Arewa ya san wata rana dole sai ya tsaya wajen 'yan bumburutu.