Ganye ne madafar shuka: abin da ya kamata mu sani kafin mu saka rance a noma

Da yawa daga cikinmu idan muka ɗauki rance daga akwatin ƙungiya, noma muke yi da shi. Wata ta yi lambun alayyafo da salak a bayan gida, wata ta sayi irin wake ko gyaɗa, wata kuma taki. Kuɗin nan kuwa zubin 'yan uwa ne, dole a mayar da shi a kan lokaci. Shi ya sa ya kamata mu san yadda shuka take samun abincinta, don kada mu zuba kuɗi inda ba a nan matsalar take ba.

Shuka ba ƙasa take ci ba

Wani masani mai suna Van Helmont, a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo 2 da ɗoriya a cikin tukunya mai ƙasa kimanin kilo 90. Shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Da ya sake aunawa, itacen ya kai kimanin kilo 77, amma abin da ya ragu a ƙasar bai kai giram 60 ba. An buga labarin gwajin nan a 1648. To, daga ina nauyin ya fito? Shi dai ya ɗauka daga ruwa ne kaɗai. Daga baya aka gano cewa kaso mai yawa daga iska yake.

Yadda girkin yake

Shuka da kanta take dafa abincinta, ganye ne kuma madafarta. Abu uku take buƙata. Na farko ruwa, wanda saiwa take janyowa daga ƙasa zuwa ganye. Na biyu iska, irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, wato kabon dayoksaid. Tana shiga ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yawancinsu a ƙarƙashin ganye. Na uku hasken rana, shi ne wutar murhu. Koren da kike gani a ganye, wanda ake kira kulorofil, shi yake kama hasken.

Da ƙarfin hasken nan ganye yake haɗa ruwa da iska ya yi sukari, ya fitar da oksijin, iskar da mu da dabbobinmu muke shaƙa. 'Ya'yanmu a makaranta suna kiran wannan aiki fotosintesis. Da sukarin shuka take girma, abin da ya yi saura kuma ta adana. Ƙwayar gero, saiwar rogo, dankali, zaƙin rake, duk ajiya ce. Kin ga ashe ita ma shuka tana da asusu.

Me wannan yake nufi a lambunki?

Haske: kayan lambu irin su tumatir, kuɓewa da barkono suna son rana ta kamar awa 6 ko fiye. Idan kin shuka a ƙarƙashin darbejiya ko jikin katanga, za ki ga tsiron ya yi tsawo siriri, ya koɗe. Ko buhun taki kika juye, ba zai maye gurbin rana ba. Haka idan shuka ta yi cunkoso, ko ciyawa ta rufe ta. A rage, a cire ciyawa da wuri. Gawo shi ne ya bambanta: da damina yake zubar da ganyensa, shi ya sa gero yake kyau a gindinsa.

Ruwa: idan ƙasa ta bushe, ganye yakan rufe ƙofofin nan don kada ruwansa ya ƙare. Da sun rufe, iska ba ta shiga, girki ya tsaya, ko da rana na nan. Ki ba da ruwa da sassafe ko da yamma, ki rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe. Lokacin hunturu, idan ƙura ta lulluɓe ganye, ki yayyafa ruwa ki wanke shi.

Ganye: duk ɗanyen ganyen da kika tsinke, murhu ɗaya kika kashe. Idan aka yi ta cire ganyen dawa ko masara ana ba awaki kafin ƙwaya ta cika, musamman na sama, hatsin ba zai yi nauyi ba. Ganyen wake ma, a ɗiba kaɗan kaɗan, a sassauta idan ya fara fure.

Taki: yana da amfani sosai, amma kamar gishiri da daddawa yake a miya. Sinadarin naitirojin da ke cikin yuriya da kashin dabbobi shi yake taimaka wa ganye ya yi kore. Idan ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya, mai yiwuwa shi ne ya yi ƙaranci. Amma kwanciyar ruwa ma tana sa rawaya, yuriya kuma idan ta yi yawa ƙone shuka take yi. Ki duba rana da ruwa tukuna, sannan ki taɓa kuɗi.

Ku gwada a taro na gaba

A kife kwano a kan ɗanyar ciyawa, a bar shi mako guda. Idan an buɗe, ku dubi launinta. Sannan kowace mai shirin ɗaukar rancen noma ta faɗa wa ƙungiya: awa nawa rana take yi a filinta, daga ina za ta samu ruwa har zuwa girbi, kuma wa zai tsare mata ganye daga awaki?